Nazarin lamari: yadda Cadi ta yi fama da sa ido kan sojojin Libiya da 'yan tawayen da Gaddafi ke ɗaure wa gindi

Shimfiɗa: ƙasar da ba ta ganin arewarta, 1965 zuwa 1978

Cadi ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 284, kuma kusan rabinta hamada ce da duwatsu, wato yankin Borku da Ennedi da Tibesti. Daga Injamena zuwa Faya Larjo, babban garin arewa, kusan kilomita 800 ne, babu kwalta, babu waya, sai rijiyoyi jefi-jefi waɗanda in ba ɗan wurin ba ne kai to ba ka san inda suke ba. Ko bayan samun 'yancin kai a 1960 sojojin Faransa ne suka ci gaba da riƙe wannan yanki har 1965, da suka miƙa shi kuwa gwamnatin Tombalbaye, shugaban Cadi na farko, ta tura sojoji da ma'aikata 'yan kudu waɗanda ba su jin yaren mutanen wurin, suka yi ta gallaza musu da haraji da wulaƙanci, shi kenan aka ɓata tun daga tushe. A 1966 aka kafa ƙungiyar tawaye ta FROLINAT a garin Nyala na Sudan.

Gaddafi ya hau mulki a Libiya ranar 1 ga Satumba 1969, kuma a 1973 sojojinsa suka shiga zirin Awzu, wani dogon yanki mai faɗin kimanin kilomita 100 da ya bi iyakar ƙasashen biyu. Hujjarsa wata yarjejeniya ce ta 1935 tsakanin Faransa da Italiya wadda ba a taɓa kammala tabbatar da ita ba. Gwamnatin Injamena ba ta da jirgin leƙen asiri, ba ta da na'urar rada, ba ta da mutum ko ɗaya a Tibesti da zai faɗa mata gaskiyar abin da ke gudana, saboda haka ba ta san sojoji nawa suka shigo ba, ba ta san irin makaman da ake sauke wa 'yan tawaye ba.

Matsalar da za mu bi a nan kenan, kuma gida biyu ce. Na farko ƙarfin sojan Libiya kansa, tankoki da jirage da manyan bindigogi da ta yi ta saye daga Tarayyar Sobiyat da kuɗin mai. Na biyu 'yan Cadi masu ɗauke da makami da ke yi mata aiki a ƙasa. A 1976 manyan jagororin tawayen arewa biyu suka raba gari a kan wannan batu na Libiya, Gukuni Waddai ɗan sarkin Tubawan Tibesti ya yarda a karɓi taimakon Gaddafi, Hissen Habre ɗan Faya ya ce shi sam ba zai yi hulɗa da wanda ya mamaye Awzu ba. A Fabrairun 1978 mayaƙan Gukuni suka kama Faya da makaman Libiya, sojojin gwamnati da dama suka miƙa wuya.

1979 zuwa 1982: zaman Kano da Legas, da tankokin da suka iso Injamena

Abin da aka gwada a wannan lokaci shi ne sulhu. Najeriya ta tara ɓangarorin a Kano a watan Maris 1979, aka sake zama a Legas a watan Agusta, aka kafa gwamnatin riƙon ƙwarya ta haɗin kan ƙasa da ake kira GUNT, Gukuni shugaba, Habre ministan tsaro. Tunanin shi ne in kowa ya shigo gwamnati ɗaya to babu sauran wanda zai yi wa Libiya aiki a ɓoye. Bai yi ko shekara ba, a Maris 1980 faɗa ya ɓarke a cikin Injamena tsakanin mutanen biyu, jama'a dubbai suka tsallaka kogi zuwa Kusiri a Kamaru.

A watan Yuni 1980 Gukuni ya ƙulla yarjejeniyar abota da Libiya, a Disamba kuma tankokin T-55 na Libiya suka bayyana a bakin Injamena bayan an ratso da su hamada tafiyar fiye da kilomita 1,000. Mutane da yawa a lokacin, har da masu sharhin soja na Turai, ba su zaci Libiya za ta iya jigilar kaya masu nauyi haka ba. Habre ya gudu, ya koma ya sake shiri ta gabas a iyakar Sudan. Ranar 6 ga Janairu 1981 aka sanar cewa Libiya da Cadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya, wannan magana ta tayar da hankalin maƙwabta, Najeriya na gaba-gaba, matsin lamba ya yi yawa har Gukuni ya nemi Libiyawa su fita, suka fita a Nuwamba 1981. Rundunar ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU ta shigo da sojojin Najeriya da Senegal da Zayar (Kongo Kinshasa ta yanzu), amma aikinta ba yaƙi ba ne, tana kallo Habre ya taso daga gabas ya kama Injamena ranar 7 ga Yuni 1982.

Daga nan wanda muke bin matsalarsa shi ne gwamnatin Habre, domin Gukuni ya koma arewa, Gaddafi ya sake ba shi makamai da kuɗi da wurin horo.

1983 zuwa farkon 1984: ido daga sama da jan layi

A ƙarshen Yuni 1983 mayaƙan GUNT suka kama Faya, suka zarce har Abeshe. Habre ya fita da kansa ya ƙwato Abeshe, ya ƙwato Faya ranar 30 ga Yuli, sai jiragen Libiya suka fara ruwan bama-bamai a kan garin, ranar 10 ga Agusta Faya ta sake faɗuwa. Duk wannan lokacin Gaddafi na cewa shi ba shi da soja ko ɗaya a Cadi, faɗan 'yan ƙasa ne tsakaninsu. To kun ga aikin farko na sa ido a nan ba ma ƙirga tankoki ba ne, a tabbatar wa duniya cewa Libiya na ciki shi ne aikin, domin Faransa ta ce ba za ta shiga rikicin cikin gida ba sai in ta ga hannun wata ƙasa ƙarara.

Amurka ce ta kawo wannan shaida. Gwamnatin Reagan tana da hotunan tauraron ɗan adam da ke nuna ayarin motocin soja da jirage a filayen arewa, ta tura jiragen AWACS guda 2 masu ɗauke da rada zuwa Sudan a watan Agusta don su riƙa bin motsin jiragen Libiya, ta kuma ware taimakon soja na dala miliyan 25. Faransa ta ƙaddamar da shirin da ta kira Manta, sojoji kimanin 3,000, ta ja layi a taswira daga gabas zuwa yamma a kan digiri na 15 arewa da ikweta ta ce duk wanda ya tsallako kudu da shi zai gamu da ita. Zayar ma ta turo sojoji.

Abin da wannan tsari ya iya shi ne hana babban ayari ya gangaro kudu ba a gan shi ba. Jiragen Atlantic na Faransa suna shawagi suna sauraron rediyon soja suna duba hanyoyi, tanka kuwa ba ta ɓuya a fili, tana barin sawu mai faɗi kuma dole motocin mai da na ruwa su biyo ta. Abin da bai iya ba shi ne ƙananan hare-hare. A Janairu 1984 wasu mayaƙan GUNT a cikin 'yan motoci suka tsallako layin suka kai hari Zigei, da jiragen Faransa suka bi su ranar 25 ga wata sai aka harbo jirgin yaƙi ɗaya samfurin Jaguar matuƙinsa ya mutu. Faransa ta matsar da layin zuwa digiri na 16. Ƙasar dai ta rabu biyu a aikace, arewa a hannun Libiya da abokanta, kudu a hannun Habre.

Satumba zuwa Nuwamba 1984: ficewar da ba a yi ba

Ranar 17 ga Satumba 1984 Faransa da Libiya suka sanar cewa sun amince kowa ya kwashe sojojinsa daga Cadi a lokaci guda. Ba a shawarci Habre ba, kuma ya fito ya ce Gaddafi ba zai cika alkawari ba. Faransa ta kwashe nata kaf zuwa 10 ga Nuwamba, aka fitar da sanarwa cewa ɓangarorin biyu sun gama ficewa. Ranar 15 ga Nuwamba shugaba Mitterrand na Faransa ya je tsibirin Kirit na Girka ya gana da Gaddafi ido da ido.

A daidai waɗannan kwanaki Amurka na cewa hotunanta na nuna sojojin Libiya na nan daram, Injamena ma haka take faɗa, saboda mutanen da ke fitowa daga garuruwan Faya da Fada suna ba da labarin abin da suka gani da idonsu. Kashegarin ganawar Mitterrand ya amsa cewa eh akwai sauran bataliya biyu zuwa uku, wasu ƙididdigar kuma suka ce sun kai 3,000. Dabarar Libiya mai sauƙi ce, ta janye wasu a fili inda za a gani, sauran ta rarraba su cikin sansanonin 'yan GUNT da kwaruruka da gindin dabino, to daga sama wa zai bambance maka ɗan Libiya da ɗan Cadi in suna tsaye kusa da mota iri ɗaya. Ga kuma rundunar da Gaddafi ya kira Rundunar Musulunci, wadda ya cika da 'yan ƙasashen Sahel da Larabawa, da yawansu 'yan ci-rani ne da suka je Libiya neman aiki aka sa musu kaki, wasu da yaudara wasu da tilas. Wannan abin tausayi ne ƙwarai in ka tuna cewa irin yaranmu ne masu tafiya neman na kai.

Bayanin dai ya samu, kuma ya samu a kan lokaci. Amma wanda ke da ikon yin aiki da shi ya riga ya yanke shawarar fita, bai koma ba.

1985 zuwa Fabrairu 1986: Wadi Dum

Cikin shekarar da ta biyo baya Libiya ta gina babban sansanin jirage a Wadi Dum, arewa maso gabas da Faya, a tsakiyar hamada inda babu gari babu komai. Titin saukar jirgin ya kai mita 3,800, an shimfiɗa shi da faranta na ƙarfe da aka harhaɗa a kan rairayi, an kewaye shi da nakiyoyi da makaman kakkaɓo jirage irin su SA-6 da na'urorin rada. Amfaninsa a bayyane yake, daga can jirgin yaƙi zai iya kaiwa Injamena ya dawo, abin da ke da wuya in daga cikin Libiya ya taso. An bi ginin nan da hoto tun daga farkonsa har ƙarshe, Faransa ta san tsawon titin da inda kowace rada take, amma ba a taɓa shi ba.

Ranar 10 ga Fabrairu 1986 mayaƙan GUNT da goyon bayan Libiya suka tsallako layi na 16 suka afka wa Kuba Olanga da Um Shaluba da Kalait. Sojojin Habre suka mayar da su cikin 'yan kwanaki. Ranar 16 ga wata jiragen Jaguar 11 na Faransa suka taso daga Bangi, babban birnin Afirka ta Tsakiya, suka ragargaza titin Wadi Dum da bama-bamai na fasa titin jirgi. Kashegari, 17 ga wata, wani jirgin Libiya samfurin Tu-22 ya zo har Injamena ya jefa bam a filin jirgin sama, babu wanda ya gan shi sai da ya iso. Wannan ya tona wani babban rami a tsarin, ana kallon sansanin abokin gaba dare da rana amma sararin samaniyar babban birni a buɗe yake. Sabon shirin Faransa mai suna Epervier ya toshe wannan, aka kafa rada a Musoro, aka girke makamai masu linzami na Hawk a Injamena, aka ajiye jiragen yaƙi a can dindindin. Sojojin ƙasa na Faransa ba su da yawa a wannan karon, aikinsu sama ne.

Agusta zuwa Disamba 1986: ɓaraka a gidan abokan Libiya

A nan ne lamarin ya juya, kuma ba hoton sama ne ya juya shi ba.

GUNT ba abu ɗaya ba ce, taron ƙungiyoyi ne da ƙin Habre kawai ya haɗa su. Manyan ciki biyu ne, mayaƙan Gukuni waɗanda yawancinsu Tubawa ne 'yan Tibesti, da ƙungiyar CDR ta Larabawan Cadi wadda Ahmat Asil ya kafa, bayan rasuwarsa a 1982 Asheik Ibn Umar ya gaje shi. Gaddafi ya fi yarda da CDR. Tubawa kuwa suna gani Libiyawa sun zauna a garuruwansu suna mulki kamar ƙasarsu ce, ana ƙoƙarin mayar da arewa wani yanki na Libiya, su da suka ɗauki bindiga don su kori baƙon mulki. Habre ya san wannan ciwo sarai domin shi ma ɗan arewa ne, yawancin kwamandojinsa Gorane ne da Zagawa da Hajarai, suna da dangi da surukai a ɗaya ɓangaren, labari na zuwa ta bakin fatake da masu raƙuma da waɗanda suka gudo, wa ya yi faɗa da wa, wa aka hana albashi, wane kwamanda ne Libiyawa suka wulaƙanta a gaban yaransa. Tun 1985 ya riƙa jawo ƙananan ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya da afuwa da muƙami da shigar da mayaƙansu cikin sojan ƙasa, har da 'yan tawayen kudu da ake kira Kodo.

A watan Agusta 1986 faɗa ya tashi a Fada tsakanin CDR da mutanen Gukuni, Libiya ta goyi bayan CDR da tankoki da jirage. A watan Oktoba mayaƙan Gukuni suka juya wa Libiya baya suka nemi sulhu da Injamena, shi kansa Gukuni a Tarabulus yake, a ƙarshen watan aka harbe shi ya ji rauni lokacin da jami'an Libiya suka je kama shi. Gaddafi ya ɗora Asheik a kan ragowar GUNT. A Disamba Libiya ta kai farmaki Bardai da Zuwar da Wur don ta murƙushe tsofaffin abokanta, Faransa ta jefa musu mai da harsasai da abinci ta laima a tsakiyar watan, Habre kuma ya tura dakaru su haɗe da su a Tibesti.

A gane abin da Libiya ta rasa a nan. Tun 1978 rabon aikin shi ne Libiyawa su kawo tanka da igwa da jirgi, 'yan Cadi su yi leƙe, su nuna hanya, su shiga gaba a ƙafa. Da Tubawa suka fice sai aka bar sojan Libiya da ƙarfe tuli amma ba ido. Kuma mutanen da suka fice sun zauna a cikin waɗannan sansanoni, sun san inda aka binne nakiya, sun san inda ma'ajiyar mai take, sun san ƙarfe nawa ake canjin gadi.

Janairu zuwa Maris 1987: Fada, Bir Kora, Wadi Dum

A farkon 1987 ƙiyasin da ake da shi shi ne Libiya na da sojoji kimanin 8,000 a arewacin Cadi, tankoki wajen 300, jiragen yaƙi wajen 60. A takarda Cadi ba ta da abin da za ta tunkari wannan, ba ta da tanka ba ta da rundunar sama ta kirki. Abin da take da shi motocin Toyota ne a-kori-kura kimanin 400 da Faransa ta kawo, da makamin fasa tanka mai suna MILAN. Shi wannan makami ana ɗora shi a bayan mota, yana cin kusan kilomita 2, in an harba yana jan siririyar waya a bayansa, mai harbin ya ci gaba da riƙe tankar a cikin madubinsa har ya same ta. Mutum uku ko huɗu a mota, rawani a fuska saboda ƙura, jarkar ruwa da ta mai a ɗaure a gefe, shi kenan.

Ranar 2 ga Janairu Hassan Jamus, babban kwamandan sojan Cadi, ya afka wa Fada da mutum kimanin 3,000. Libiyawa sama da 1,000 ne a wurin da wasu ɗaruruwan 'yan CDR, sun haƙa ramuka sun kafe tankokinsu suna jiran hari ta gaba. Motocin suka zo da gudu ta gefe da ta baya, suna kutsawa tsakanin tankokin, kan tanka kuwa ba ya juyawa da saurin da zai bi mota mai gudu a kusa. Cikin yini guda aka gama. Alƙaluman da Injamena ta bayar sun ce an kashe Libiyawa 784 an lalata tankoki 92, ita kuma ta rasa mutum 18 da mota 3. Lissafin mai nasara ne, a riƙe shi a haka, amma 'yan jaridar da aka kai wurin sun ga tankokin a ƙone. Ranar 7 ga wata jiragen Faransa suka sake kai hari Wadi Dum, wannan karon radar sansanin suka nufa da makamai masu bin siginar rada.

Gaddafi ya ƙaro sojoji. A tsakiyar Maris aka fitar da ayari biyu masu sulke daga Wadi Dum don su ƙwato Fada. An ga fitowarsu, an san hanyar da dole su bi saboda ƙasar wurin ba ko'ina tanka ke bi ba, ranakun 19 da 20 ga Maris aka yi musu kwanton ɓauna a Bir Kora aka tarwatsa su, ɗaruruwa suka mutu. Waɗanda suka tsira suka juya da gudu zuwa sansani, mayaƙan Cadi suka bi sawunsu, kuma rahotanni sun ce ta hanyoyin da masu gudun suka bi cikin filin nakiya aka shiga. Ranar 22 ga Maris Wadi Dum ya faɗi cikin 'yan sa'o'i. Cadi ta ce an kashe 1,269 an kama 438, cikin waɗanda aka kama har da Kanar Halifa Haftar, wanda yau shi ke riƙe da gabashin Libiya. An bar jirage da tankoki da makaman SA-6 da rada, wasu ko taɓa su ba a yi ba. Ranar 27 ga Maris Libiyawa suka fice daga Faya ba tare da faɗa ba. Gaddafi ya ce shi bai san waɗannan fursunoni ba.

Kayan da aka bari su ma sun zama abin nazari, Faransa da Amurka suka yi ta kwasar samfuri, har a Yuni 1988 Amurkawa suka zo da manyan jirage masu saukar ungulu cikin dare suka ɗauke wani jirgin yaƙin Libiya mai saukar ungulu samfurin Mi-25 daga Wadi Dum.

Agusta zuwa Satumba 1987: Awzu da Matan as-Sara

Ranar 8 ga Agusta dakarun Cadi suka kama garin Awzu. Faransa ta riga ta ce ita ba ta goyon bayan a ƙwaci zirin da ƙarfi, kotu ce za ta raba, don haka ba ta ba da kariya ta sama ba. Jiragen Libiya suka yi ta luguden wuta daga sansanonin da ke kusa, kuma wannan karon Libiyawa suka canja salo, suka zo da ƙananan motoci masu sauri irin na Cadi. Ranar 28 ga Agusta suka ƙwace garin. An san jiragen na nan, an san daga inda suke tashi, abin da ba a lissafa ba shi ne abokin gaba ma yana koyo.

Martanin Habre shi ne a bi jiragen har gida. Ranar 5 ga Satumba Jamus ya ratsa da mutum kimanin 2,000 ya shiga cikin Libiya kanta ya afka wa sansanin jirage na Matan as-Sara, da taimakon bayanan tauraron ɗan adam na Amurka, ta hanyar da masu gadi ba su zata ba, har an ce da farko sun ɗauka nasu ne ke tahowa. Cadi ta ce ta lalata jirage 26 da tankoki 70, ta kashe sama da 1,700, ta rasa 65. Ranar 7 ga wata wani Tu-22 ya sake nufo Injamena, wannan karon radar ta gan shi, makamin Hawk na Faransa ya kakkaɓo shi. Ranar 11 ga Satumba aka tsagaita wuta ta hannun OAU. Ƙiyasin Amurka ya ce a wannan shekara Libiya ta rasa mutum kimanin 7,500 da kayan yaƙi na dala biliyan 1.5, Cadi kuma kimanin 1,000.

1988 zuwa 1994: yadda ta ƙare

An maido da hulɗar jakadanci a Oktoba 1988, Asheik Ibn Umar ya sasanta da Habre har ya zama ministan harkokin waje. A ƙarshen Agusta 1989 aka sa hannu a Aljiyas cewa in sulhu ya gagara a kai batun Awzu Kotun Duniya. Ranar 19 ga Satumba 1989 bam ya tarwatsa jirgin fasinja na kamfanin UTA na Faransa da ya tashi daga Injamena, ya faɗo a hamadar Tenere ta Nijar da mutum 170, daga baya kotun Faransa ta samu jami'an Libiya 6 da laifi. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 Kotun Duniya da ke Hague ta ba Cadi zirin Awzu da ƙuri'a 16 da 1, sojojin Libiya suka fice a ƙarshen Mayu, wannan karon da 'yan sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya a wurin suna gani.

Habre bai ga wannan rana a kan mulki ba. A Afrilu 1989 ya zargi Hassan Jamus da Idris Debi da shirya juyin mulki, aka kama Jamus aka kashe shi, Debi ya tsere Darfur, ya samu makamai daga Libiya da mafaka daga Sudan, ya shiga Injamena ranar 2 ga Disamba 1990.

Abin da ya yi aiki da abin da bai yi ba

A ganina hoton sama da rada sun yi aikinsu, kada a raina su. Su suka tabbatar da hannun Libiya a 1983, su suka tona ƙaryar ficewa a 1984, su suka ba da taswirar Wadi Dum da Matan as-Sara, kuma bambancin jirgin da ya jefa bam a Injamena a 1986 da wanda aka harbo a 1987 rada ce da Hawk. Amma daga 1983 zuwa 1986 ana da duk wannan kuma ko taku ɗaya ba a matsa arewa ba. Dalili biyu ne. Idon na aro ne, mai shi ke zaɓar abin da zai nuna da lokacin da zai yi aiki da shi, Faransa ta fita a 1984 ta kuma ƙi rufe Awzu a 1987 don lissafinta daban ne da na Injamena. Sannan hoto yana ƙirga tanka 300 amma ba ya faɗa maka cewa yaran da ke cikinta ba su san dalilin zuwansu ba, ko cewa Gaddafi saboda tsoron juyin mulki ya hana rundunoninsa sabawa da aiki tare, ko cewa masu nuna musu hanya sun kusa juya baya. Wanda ya tsaya ga ƙirga kawai zai ce kada a kai hari Fada.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne bin diddigin ƙungiyoyin da Libiya ke jingina da su, ba a matsayin dunƙule ɗaya ba, kowacce da ƙabilarta da ƙorafinta da farashinta. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, Gaddafi da 'yan gari ya ci arewacin Cadi kuma ranar da suka bar shi ya fara rasa ta. Hoton Amurka ya yi amfani a 1987 ne saboda a lokacin akwai mutanen da suka san ƙasar da za su karanta shi su hau mota su je.

Inda gwamnatin Habre ta gaza ƙwarai, kuma wannan ya fi ci mini rai, shi ne yadda ta juya wannan ido kan mutanenta. Hukumar 'yan sandan sirri ta DDS da aka kafa a 1983 da sunan farautar 'yan koren Libiya ta koma kamen duk wanda aka yi wa zato, 'yan kudu a 1984, Hajarai a 1987, Zagawa a 1989, da azabtarwa da kisa a ɗakunan tsare mutane a cikin Injamena. Kwamitin bincike na 1992 ya ƙiyasta mutum 40,000 ne suka mutu, kuma a kan haka kotu a Dakar ta yanke wa Habre ɗaurin rai da rai a 2016. Mutanen da suka ci masa yaƙin 1987 su ya kora zuwa Darfur da hannunsa, ya ba Gaddafi sabuwar ƙungiyar da zai ɗaure wa gindi, wadda ta fi GUNT sanin sirrin sojan Cadi nesa ba kusa ba tunda ita ta gina shi. Lokacin da ayarin Debi ya taso daga gabas a Nuwamba 1990 sojojin Faransa na Abeshe da Injamena da jiragensu da radarsu, sun ga tahowarsa, Paris ta ce wannan rikicin cikin gida ne ba ta tare shi ba.